Kuɗin bututun da bai shiga gidanka ba

A Amurka takardar kuɗin ruwa ba layi ɗaya take zuwa da shi ba. Akwai kuɗin ruwan da ya shigo gida, a ƙarƙashinsa kuma akwai kuɗin wanda ya fita, wato ruwan wanka da wanki da na ban ɗaki, da ke bin babban bututun ƙazanta na gari har zuwa matatar da ake tace shi. A garuruwa da dama na biyun ya ma fi na farkon tsada. Da yake ba a sa mita a bakin bututun ƙazanta, abin da hukuma ke yi shi ne ta duba mitar famfo, ta ce duk abin da ya shigo ai fita zai yi, sai ta yanka kuɗi a kan wannan lissafi. Ga mafi yawan gidaje hakan ba shi da laifi. Amma ba kowane gida ne ke haɗe da wannan bututu ba. Hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta ce sama da gida ɗaya cikin kowane biyar da sokawe yake amfani.

Sokawen nasu bai yi nisa da namu ba. Tanki ne binne a bayan gida, mai kaurin ya kwanta a ƙasansa, ruwan kuma ya bi wasu ƙananan bututai masu huda-huda ya tsiyaye cikin ƙasar fili. Mai gida ne ya gina abinsa, shi ke kiran motar yasa duk bayan shekara 3 zuwa 5, ranar da ya toshe ko ya rufta kuma aljihunsa ne zai ji a jika, da dubban daloli. Ko ɗigo ɗaya na ƙazantar gidansa ba ya isa matatar gari. Duk da haka sai ka iske wasu irin waɗannan gidaje sun shekara da shekaru suna biyan kuɗin bututu.

Yadda abin ke faruwa ba wani ɓoyayyen makirci ba ne. Gari ya faɗaɗa ya haɗiye unguwar da da can ƙauye ce, an ja mata ruwan famfo amma ba a ja bututun ƙazanta ba, ko an ja shi a babban titi bai shiga lungu ba. Ma'aikacin da ya buɗe wa gidan asusu ya saba duk mai ruwa yana da bututu, sai ya cika gurbin duka biyun. Daga nan kwamfuta ta karɓi aiki, ita kuwa ba ta tambaya. Gida ya sauya hannu sau biyu ko uku, kowa ya gaji takardar yadda ya same ta. Sai ranar da ban ɗaki ya ƙi wucewa, aka kira mai gyaran famfo, ya tona bayan gida ya ci karo da murfin tanki, sannan mai gida ya san cewa kuɗin iska yake biya.

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da taransifoma ta ƙone wata uku amma bil ɗin wuta bai fasa zuwa ba ya san irin wannan takaici, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ni a wurina magana a nan ba ta da harshen damo. Kuɗin da aka rubuta cewa na amfani ne, aka lissafa shi da mita, to wanda bai yi amfani ba babu ko sisi a kansa, kuma abin da aka riga aka karɓa a mayar masa duka, ba rabi ba. Su kansu hukumomin sun yarda da tushen wannan magana ba tare da sun ankara ba. Garuruwa da yawa suna ɗaukar ruwan da gida ya sha a watannin hunturu su mai da shi ma'aunin kuɗin bututu na shekara, saboda sun san ruwan da ake ba ciyawa da furanni lokacin zafi ƙasa ce ke shanye shi. Wasu ma suna ba ka izinin sa mita ta biyu don ban ruwan lambu, a cire wannan daga lissafi. To in ruwan ciyawa an yafe shi don bai shiga bututu ba, da wace hujja za a caji gidan da ruwansa gaba ɗaya bai shiga ba?

Matsalar ita ce ranar da mai gida ya je ofis da ƙorafi, shi ake juya wa aikin. A ce ya kawo shaida. Sai ya nufi sashen lafiya na gunduma ya nemo takardar izinin gina sokawen, wadda mai yiwuwa tun kafin a haife shi aka rubuta ta. Ya tattaro rasit na masu yasa. Wani lokaci ya ɗauko mai gyaran famfo da kuɗinsa, a zura kyamara cikin bututun gidan a ga inda ya nufa. Gwajin da ya fi raba gardama shi ne na rini: a zuba ruwan kala mai haske a ban ɗaki a kora, ma'aikaci ya buɗe murfin ramin da ke kan titi ya tsaya yana kallo. In kalar ta ɓullo, gidan a haɗe yake, magana ta ƙare, mai ƙorafi ya ba da haƙuri ya koma gida (hakan ma na faruwa, don akwai gidajen da aka haɗa tuntuni aka bar tsohon tanki a binne). In ba ta ɓullo ba, hukuma ce ke da bayani.

Duk wannan zirga-zirga da wahala bai kamata su hau kan mai gida ba. Wa ya shimfiɗa bututun? Wa ke riƙe da taswirarsa? Wa ke ba da izinin haɗa gida, ya karɓi kuɗin haɗawa, ya turo mai dubawa ya sa hannu? Hukumar da ke da'awar tana kwashe maka ƙazanta ita ya kamata ta buɗe fayil ta nuna ranar da aka haɗa gidanka. In ba ta da wannan takarda, ita ce za ta zo da rininta da ma'aikacinta. Mai cewa yana bin ka bashi shi ke kawo shaida, haka muka sani a kowace shari'a. Jihar Kalifoniya ta rubuta wannan a kundin tsarin mulkinta tun 1996, lokacin da masu zaɓe suka amince da ƙudurin da ake kira mai lamba 218. Ƙudurin ya ce ba a ɗora wa mai gida kuɗin wani aiki sai in yana amfani da shi ko kuwa aikin yana nan a shirye a ƙofarsa, kuɗin kada ya wuce abin da aikin ya ci, kuma in aka je kotu hukuma ce za ta tabbatar ta bi ƙa'ida. Ban ga dalilin da zai sa sauran jihohi ba za su iya haka ba.

A ce mai gida ya yi nasara, hukuma ta yarda an yi kuskure. A nan ne ake shiga kokawa ta biyu, wadda ta fi ta farko ɓata rai. Garuruwa da yawa suna da dokar da ta iyakance shekarun da za a waiwaya a mayar da kuɗi, ko kuma su fake da wa'adin shigar da ƙara na jiha. Mu ɗauki misali kawai: dala 40 a wata, shekara 12, ya kama dala 5,760. In wa'adin shekara 3 ne, dala 1,440 za a ba ka, sauran 4,320 sun zama rabon gari. Hujjar da ake kawowa ita ce ai takardar tana zuwa maka duk wata, da ka duba. Akwai ma wata tsohuwar ƙa'idar shari'a da ke cewa kuɗin da mutum ya biya da hannunsa, ba tilas, yana sane da yadda abin yake, ba ya dawowa. Wannan ƙa'ida tana da amfani tsakanin 'yan kasuwa biyu da kowa idonsa a buɗe yake. Amma tsakanin talaka da hukumar da ke da ikon yanke masa ruwa, ina maganar "ba tilas"? Kuma me takardar ta gaya masa? Ta ce masa ne gidansa na haɗe da bututu, shi kuma ya gaskata hukumarsa. Abin yana ƙarƙashin ƙasa, ba a gani. Laifinsa kawai yarda.

Shi ya sa masu sanin harkar ke ba da shawarar da ke da ɗaci a baki: kada ka daina biya don fushi. A wurare da yawa bashin bututu yana jawo tara, ko yanke ruwa, ko a ɗora shi a kan gidan kansa ta yadda ba zai sayu ba sai an biya. Ka biya, amma ka rubuta cewa kana biya ne kana jayayya, ka ajiye kwafi, ka shigar da ƙorafi a rubuce da kwanan wata, kada ka tsaya ga maganar waya da ma'aikacin da gobe ba za ka sake samunsa ba.

Wanda ke tunanin kotu za ta share masa hawaye cikin sauƙi, ya karanta abin da ya faru a birnin Indiyanapolis. Wata unguwa mai gidaje wajen 180 aka ja wa bututu, aka raba kuɗin aikin, kowane gida dala 9,278. Aka ce mai hali ya biya gaba ɗaya, mai so ya biya kaɗan-kaɗan cikin shekara 10 ko 20 ko 30. Gidaje 38 suka zube kuɗinsu nan take a 2004. Shekara na zagayowa birnin ya sauya tsari, ya yafe wa duk masu biya kaɗan-kaɗan abin da ya rage a kansu, alhali wasunsu dala ɗari uku da 'yan kai kawai suka biya. Waɗanda suka biya duka suka ce to mu fa? Aka ce babu. Suka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, a ƙarar da aka sani da sunan Armour, kuma a 2012 alƙalai 6 cikin 9 suka ba birnin gaskiya. Dalilin da Mai Shari'a Breyer ya rubuta shi ne cewa kauce wa wahalar gudanarwa hujja ce da hankali zai ɗauka. Alƙalin Alƙalai Roberts da wasu biyu ba su yarda ba, kuma ni ina tare da su. Maƙwabta biyu, bututu ɗaya, wannan ya biya ninkin wancan sau talatin, don kawai ya yi saurin sauke nauyi. Ba irin ƙarar da muke magana a kai ba ce daidai, amma ta nuna inda ma'auni ke rinjaya: in aka ɗora sauƙin aikin ofis a gefe guda, haƙƙin mutum ɗaya a ɗaya gefen, sau da yawa ofis ke ɗagawa da nasara.

Akwai kuma abin da ke sa wasu masu sokawe su haɗiye ƙorafinsu su yi shiru, wato tsoron tsokano tsuliyar dodo. Ka je ka ce ba a haɗe kake ba, sai a ce madalla da ka faɗa, ai bututu ya wuce kusa da gidanka, doka kuwa ta ce duk gidan da ke cikin tazarar kaza, sau da yawa ƙafa 200 ko 300, dole ya haɗa. Ga kuɗin izini, ga na tono, ga na cike tsohon tanki da yashi. Mutum ya je neman dala dubu biyar ya dawo da bashin da ya ninka haka. Kuma wannan iko na gari tsoho ne. Tun 1913 Kotun Ƙoli ta yanke shi a ƙarar wata mata mai suna Hutchinson da garin Valdosta na jihar Jojiya, inda ta ce gari na da ikon tilasta wa mai gida haɗawa da bututu saboda lafiyar jama'a.

A nan ne nake rabuwa da wasu masu sokawe, musamman masu cewa "ƙazantata a filina take, ba ruwan kowa da ni." Wannan ba gaskiya ba ce. Sokawe na gargajiya yana rage ƙwayoyin cuta in yana aiki da kyau, amma ba ya tare mafi yawan sinadarin naitirojin, wanda ke bin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya shiga rijiyoyi da ƙoramu da gaɓar teku, ya haifar da gansakuka mai kashe kifi. Gundumar Suffolk a tsibirin Long Island na jihar New York tana da irin waɗannan ramuka sama da 300,000, kusan kashi uku cikin huɗu na gidajenta ba su da bututu, kuma ruwan da suke sha daga ƙarƙashin ƙafarsu ake jawo shi. Abin ya kai ga a Nuwamban 2024 masu zaɓe a can da kansu suka amince a ƙara musu harajin saye da sayarwa don a gyara lamarin. Mai sokawe yana shan ruwan da kowa ke sha, 'ya'yansa suna makarantar da ke haɗe da bututu, darajar gidansa tana tashi in kogin garin ya yi tsabta. Yana da kaso a nauyin, ko ya so ko ya ƙi.

Amma a kira abin da sunansa. Jihar Maryland ta yi haka a 2004, zamanin Gwamna Robert Ehrlich, da ta kafa asusun farfaɗo da mashigin ruwan Chesapeake. Kowane gida, mai bututu da mai sokawe, dala 30 a shekara, aka ninka zuwa 60 a 2012 a yawancin jihar. Mutane sun yi ta tsegumi, har suka laƙaba masa sunan harajin kora ban ɗaki. To amma ba a yi wa kowa rufa-rufa ba. Majalisa ce ta zauna ta yi doka a bainar jama'a, kuma kuɗin da aka karɓa daga masu sokawe ba a zuba shi a matatar da ba su amfani da ita ba: kaso mafi girma yana komawa tallafin sauya tsofaffin tankuna da masu rage naitirojin, sauran a ba manoma su shuka abin da zai riƙe taki a gona lokacin sanyi. Wanda bai ji daɗi ba ya san wanda zai ƙi zaɓa. Irin wannan kuɗi zan biya in yi gunaguni, amma ba zan ce an cuce ni ba.

Abin da ba na yarda da shi shi ne haraji ya sa rigar kuɗin aiki ya shigo ta bayan gida. Kotun Ƙolin jihar Michigan ta kama birnin Lansing da haka a 1998, a ƙarar Bolt, inda ta ce kuɗin kwashe ruwan sama da birnin ya ɗora wa masu gidaje haraji ne a zahiri, haraji kuwa a jihar sai da amincewar masu zaɓe. Ta duba ko kuɗin ya yi daidai da aikin da ake yi wa mutum, da ko mutum yana da zaɓin ƙin aikin. In aka auna bil ɗin bututu na gidan sokawe da wannan ma'auni, ko taki ɗaya ba zai yi ba.

Saura kuɗin da ake kira na "bututu yana ƙofarka", wanda wasu garuruwa ke karɓa daga gidan da bututu ya gifta ta gabansa ko da bai haɗa ba. Wannan yana da ɗan fuska. Gari ya ci bashi ya shimfiɗa bututu bisa lissafin gidajen da ke kan titin, kuma ranar da tankinka ya mutu kana da wurin gudu. Zan iya lamunce masa in ƙanƙane ne, tsayayye, an rubuta shi a layinsa daban, kuma bututun da gaske yana iya ɗaukar gidan, ba wanda ke hayin kogi ko a saman tudu da sai an sa injin turawa ba. Amma a haɗa shi da kuɗin mita, a caji gidan kamar yana zuba ƙazanta dare da rana, wannan cin kuɗi biyu ne a kan mutum ɗaya, tunda shi ke biyan motar yasa.

In kuma gari ya ce dole a haɗa, to abu mafi ƙanƙanta da adalci ke nema shi ne a lissafa duk abin da aka karɓa bisa kuskure a cire shi daga kuɗin haɗawa, a kuma ba wanda tankinsa ke da lafiya wa'adi mai tsawo, marar hali a tallafa masa. Doka irin wannan ba a kan mai kuɗi take sauka ba. A gundumar Lowndes ta jihar Alabama, inda ƙasa laka ce da ba ta shan ruwa kuma sokawe mai aiki ya fi ƙarfin talaka, an daɗe ana barazanar tara da gurfanarwa ga mutanen da ba su iya ginawa ba, sai a 2023 hukumar lafiya ta jihar ta amince, a wata yarjejeniya da gwamnatin tarayya, ta dakatar da hakan.

Mu a gida wannan rigima ba ta kankama ba tukuna, don Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram kusan kowa da masai ko sokawensa yake. Abuja ce ke da unguwannin da bututu ke kai ƙazantarsu matatar Wupa, a gefensu kuma ga rukunin gidaje bila adadin da kowa ya haƙa raminsa. Duk garin da ya zama rabi da rabi haka, wannan tambaya tana jiransa, kuma wanda ya fara tsara bil kafin ya zana taswirar gidajen da ya haɗa, rigima ya saya.

Ga 'yan uwa da ke zaune a Amurka, musamman masu sayen gida a bayan gari inda farashi ke da sauƙi, tambayar "bututu ne ko sokawe?" a yi ta kafin sa hannu, a kuma nemi amsar a rubuce daga hukumar ruwa, kada a tsaya ga bakin dillali. Wanda kuma ya riga ya faɗa, kuma aka ce masa shekara uku kawai za a mayar, ya sani wa'adin nan a wurare da yawa kansiloli ne suka rubuta shi, su ne kuma ke da ikon yin rangwame ko sauya shi. Zaman majalisar gari a buɗe yake, ana ba kowane mazauni 'yan mintuna ya yi magana, kuma ana rubuta abin da ya faɗa. Kafin ya je, ya ƙwanƙwasa ƙofofin maƙwabta a layinsa su fito da nasu takardun, domin ma'aikacin da ya yi kuskure a gida ɗaya da wuya a ce a nan ya tsaya.